Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ran da sakamako ya fito, marka ake yi.
Ina rumfar Arzika mai shayi, bakin tashar Kware,
rediyo ya ce, "Bana ma an faɗi."
An faɗi.
Sai ka ce katangar laka ce ruwa ya ci,
babu suna, babu fuska,
kashi kaza cikin ɗari, sannan tallar maganin basir.

Washegari sai ga mota a ƙofar makaranta.
Wanda ya fito da abin ɗaukar magana na san tafiyarsa:
Modi ne, ɗan gidan Labbo mai gyaran keke,
wanda na riƙe wa hannu yana aji ɗaya
har ya daina juya bakwai tana kallon gabas.
Ya rusuna, ya ce, "Malam, laifin wa?"

Na ja shi ajinmu.
Na ce ƙirga benci. Ya ƙirga, sha tara.
Na ce yara ɗari da shida ke zama nan,
na baya ba su ganin allo, ƙeyar na gaba suke karantawa.
Na nuna masa kwalbar gwaji da na zana da alli,
ita ce ɗakin kimiyyarmu,
in an goge allo an rufe ɗakin.
Na ba shi labarin Luba,
mai suyar awara har a sallame isha'i,
ta yi bitar lissafi da fitilar wayar yayanta,
ta ci darussa bakwai.
Da Tambari, da ya faɗi da maki kaɗan,
don ranar takarda ta biyu zazzaɓi ya kwana kansa,
ya zo yana rawar ɗari cikin zafin Mayu,
ya rubuta abin da hannu ya yarda.

Rabin sa'a ina magana, har alli ya bushe a yatsuna.

Da dare munka taru gidan Malam Bunu mai talabijin.
Ga tagarmu da ta karye, an ɗauke ta ta fuska uku.
Ga akuya tana ratsa fili.
Ga ni, baki buɗe, daƙiƙa goma sha ɗaya:
"Gaskiya yaran ba su..."
Nan anka yanke.
Abin da na ce shi ne ba su da wurin zama.

Akuyar ta fi ni daɗewa a allo.

Bayan mu sai wata makaranta mai fenti da tuta,
inda kowa ya ci, har wanda bai san hanyar aji ba.
Anka yi mata kirari.
Ba wanda ya tambayi me ya sa ake kulle ƙofarta ranar jarrabawa,
ko wa ke tsaye gaban allo, da me a hannunsa.

Modi, ban ce ka yi mana ƙarya ba.
Cikinmu akwai mai zuwa Litinin ya ɓace sai Alhamis,
rubuta shi, da sunansa.
Amma mai auna gero ranar girbi kaɗai
me ya sani game da fari?
Kuna zuwa sau ɗaya a shekara, kamar masu gaisuwar mutuwa,
ku ƙirga gawa, ku sha ruwa, ku hau mota.

Zo a watan da ba labari.
Zo wata Talata, ka zauna benci na ƙarshe
tsakanin yara biyar, gwiwa na gugar gwiwa,
ka gwada jin muryata daga can.

Jiya ya aiko saƙo:
"Malam, a yi haƙuri, edita ne ya rage."
Na karanta sau biyu.
Ya bar waƙafi inda aya ta kamata.
Na ɗauko jan biro, sannan na tuna waya ce.